Gumball: Katun Ɗin Da Ya Nuna Mana Hawayen Uba

Da wuya ka shiga gidan da ke da dikoda a unguwar nan, in dai an kawo wuta, ba ka tarar da yara sun zuba wa tashar Cartoon Network ido ba. Cikin abin da suka fi so akwai The Amazing World of Gumball, wanda Ben Bocquelet ya ƙirƙira, aka fara nuna shi a 2011. Mu manya mun ɗauke shi shirme, alhali akwai magana a ciki.

Labarin wani gida ne a garin Elmore. Maigidan, Richard, ƙaton zomo ne maras aikin yi, ci da barci kawai. Matarsa Nicole ita ke fita masana'anta ta ciyar da gida. 'Ya'yansu Gumball da Anais, sai Darwin, kifin da suka riƙa har ya zama ɗan gida, ba mai ce masa bare. Duk wanda ya san riƙo a gidajenmu ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda shirin ya fi burge mu shi ne kashin da ake kira The Hero. Yara na ta yabon ubanninsu, su kuwa Gumball da Darwin suka yi ta kushe nasu, ba su san yana ji ba. Ba bulala, ba zagi. Bawan Allah ya koma gefe yana hawaye, yana tuna lokacin da suke ƙanana suna ganinsa gwarzo. Daga baya shi ne ya cece su daga haɗari a jujin tarkacen motoci. A wasu kashin kuma sai aka nuna mana asalin rauninsa: ubansa Frankie ya fita da sunan sayo madara tun Richard yana yaro, bai dawo ba sai bayan shekaru masu yawa.

To, mu fa? Mun taso da alkunya, uba ba ya ko kiran sunan ɗan fari, balle ya ce ransa ya ɓaci. Kunya ado ce, ba mu ce a yar da ita ba. Amma magidanta nawa ne a nan Lafiya kasuwar doya ko ta hatsi ta karye musu, uwargida ke riƙe da tukunya da kuɗin ƙosai, su kuma sun haɗiye baƙin ciki sun mai da shi tsawa? Yara nawa ne ubansu ya tafi cin rani shiru har yau? Ciwon da aka ɓoye ba ya jin magani.

Shirin yana da aibu, kada mu rufe. Wautar Richard ta yi yawa, sau tari dariyar a kansa take ƙarewa, kuma yadda yaran ke mayar wa iyaye magana ba tarbiyyarmu ba ce. Yaron da aka bari shi kaɗai da rimot zai iya kwashe rashin kunyar ya bar darasin.

Shawararmu ita ce, Malam, ko sau ɗaya a mako ka zauna ku kalla tare, minti 11 ne kacal. In an gama ka tambayi yaronka me ya sa zomon nan kuka. Amsar da zai ba ka ta fi kuɗin katin wata daraja. Allah Ya shirya mana zuri'a.