Tufafin Wasa: Sharhi a kan Kalankuwa a Ƙasar Ruma da Safana

Masu nazarin wasan kwaikwayo na Hausa sun saba fara lissafi daga littafin wasanni shida na Dokta R. M. East, wanda ya fito a cikin shekarun 1930, kana su gangaro zuwa ga Shu'aibu Maƙarfi, mai Zamanin Nan Namu na 1959 da Jatau Na Kyallu na 1960. Wannan lissafi bai ɓaci ba, amma ya jawo wata asara. Wasannin Maƙarfi a gidan rediyo suka fara, inda kunne kaɗai ke aiki, saboda haka sai masu sharhi suka ɗauki al'adar auna wasa da maganarsa kurum, suka bar abin da ido ke gani. Alhali kuwa a wasan ƙauye, tun ɗan wasa bai buɗe baki ba rigarsa ta gama faɗin rabin zancen.

Turawa sun riga sun yi wannan gardama a zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta mulki Ingila daga 1837 zuwa 1901, suka rabu gida biyu. Gida na farko shi ne na Charles Kean, wanda ya riƙe wani gidan wasa a Landan cikin shekarun 1850. Shi a ganinsa, in za a nuna sarkin da ya shuɗe, tilas ne a bincike irin rigarsa da takalminsa a ɗinka daidai, ba ragi ba ƙari. Gida na biyu shi ne na masu rawar bale. Tun daga 1832, sa'ad da Marie Taglioni ta fito a birnin Faris cikin farin yadi shara-shara mai ruɓi da yawa, sai wannan shiga ta zama alamar rawar. Nufinsu mai kallo ya manta cewa mutum ke gabansa, ya ga kamar aljana ce ke shawagi. Wannan ruɗi kuwa ya ci rayuka, domin da fitilar gas ake haskaka dandali. Wuta ta kama tufafin Clara Webster a Landan a 1844, ta kama na Emma Livry a Faris a 1862, dukansu biyu ƙunar ce ajalinsu. Livry ma an ba ta yadin da aka jiƙa da maganin wuta ta ƙi, don yana sa tufa ta yi tauri ta dushe.

To, kalankuwa ba ta cikin ɗayan gidajen nan. Wasa ne na samari da 'yammatan karkara, wanda akan yi da kaka bayan amfani ya shigo gida. Sukan naɗa wa junansu sarautu, a sami sarki da alƙali da dogarai, bayan zuwan Turawa kuma aka ƙara da gwamna da joji da likita. A ƙasa irin ta Batsari, inda Sarkin Ruma ke hakimci, da Safana ta Yariman Katsina, yaro ya tashi yana ganin rawani da alkyabba da idonsa, ya san yadda ake naɗawa da yadda ake taku a cikinsu. Saboda haka ba rashin sani ke sa shigar sarkin wasa ta bambanta da ta sarkin gari ba.

Gwanintar tana cikin aron. Babbar rigar da sarkin kalankuwa ya sa ta ubansa ce ko ta yayansa, ta yi masa yawa, hannunta na jan ƙasa. Likita ya maƙala tabarau na kara. Haka nan a tashe, cikin watan azumi, yaro kan manna gemun auduga ya dogara sanda ya zama tsoho, yarinya kuma ta ɗaura zane da kallabi ta zama Mairama. Kowa a dandali ya san ɗan wane ne a cikin rigar, kuma ba a so a manta. Kean yana son tufa ta zama shaidar tarihi, masu bale suna son ta ɓoye mutum, amma ɗan kalankuwa so yake a ga riga a ga mai riga a lokaci guda. Daga tsakaninsu dariya ke fitowa, darasin ma daga nan yake, watau cewa sarauta aba ce da ake sawa a tuɓe. Talaka ba ya iya faɗin haka a ƙofar fada, amma ɗansa ya faɗa da riga, kuma ba mai kama shi.

Bori ya bi wata hanya dabam. A can tufa ba ta aro ba ce, ta iskan ce: Malam Alhaji da fararen kaya, Ɗan Galadima da shigar 'ya'yan sarakuna. Ba a yi wa mai sanye da su dariya, domin a wurin masu abin ba shi ne a ciki ba. Wannan ya fi kusa da nufin masu bale, kuma kuskure ne a haɗa shi da kalankuwa a ƙarƙashin suna ɗaya, kamar yadda waɗansu kan yi.

A nan ne aibin masu raya al'adu na zamani ya bayyana. In an kai wasan dandalin biki a birni, sai a ɗinka wa 'yan wasa anko na sabon yadi, kowa daidai jikinsa, a sayo tabarau na kanti. Ido ya ƙoshi, amma ma'ana ta tafi, gama sarkin da rigarsa ta zauna masa cif ba ya koya wa kowa kome. Sun bi Kean ba tare da sun san shi ba, a wurin da hanyarsa ba ta da amfani.

Sai dai kuma bai kamata a wanke wasan sarai ba. Akwai shigar da akan yi don kwaikwayon wata ƙabila, kamar Bagwari, ko Bafillace da malfarsa da sandarsa da gorarsa. A da ana ɗaukar wannan wasan barkwanci ne tsakanin maƙwabta masu cin kasuwa ɗaya. Amma ƙasar da ke gefen Dajin Rugu ta ga abin da ya sauya lissafi. A watan Fabrairu na 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin ƙasar Batsari, a 2021 kuma gwamnatin Jihar Katsina ta dakatar da sayar da dabbobi a kasuwannin yankin na wani lokaci. Inda jini ya shiga tsakanin manomi da makiyayi, malfar nan ta daina zama abin dariya kawai, tana iya zama tuhuma a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Mai shirya wasa da ya sa ta yau ba tare da tunani ba ya ɗauki alhaki.

Abin da ya wajaba a kan ɗaliban Hausa shi ne su tarar da dattawan Batsari da Ruma da Runka da Safana, waɗanda suka riƙe sarautar kalankuwa da ƙuruciyarsu, su tambaye su abin da suka sa, da wanda ya ara musu, da abin da aka hana su sawa. Waƙoƙin wasan sun sami masu rubutawa. Rigunan kuwa an mayar wa masu su tun washegarin wasa, ba su rage ko'ina ba sai a cikin tunanin tsofaffin nan.