Karcen Wawa a Jikin Colt 1911

Duk wanda ya sami tsohuwar bindigar hannu ƙirar Colt 1911, to ya duba gefenta na hagu, daidai saman kunama. Sau da yawa zai tarar da wani siririn karce mai lanƙwasa kamar jinjirin wata. Masu bindiga a Amurka suna ce masa karcen wawa. Shaida ce cewa wani ya kwance ta don ya goge, da ya zo mayarwa sai ya yi garaje, ƙarfe ya ja zane a kan ƙarfe.

Yanzu akwai masu cewa kwance bindiga da haɗa ta tsohon yayi ne. Wai harsasan zamani ba sa cin ƙarfe, wai bindiga mai jikin roba tana yin wata da watanni ba ta ga mai ba, abin da ya rage kawai burga ce: sajan ya ɗaure wa kurtu ido, ya riƙe agogo yana ƙirga daƙiƙa. A kan maganar agogo suna da ɗan gaskiya. Sauran kuwa zancen wanda bai taɓa buɗe cikin abin da yake riƙewa ba ne.

Tsatsa ce asalin al'adar. Sinadarin da ke tayar da wuta a gindin tsofaffin harsasai yana barin wani gishiri a cikin bututu, gishirin ya jawo laima, cikin 'yan kwanaki bututun ya fara cinyewa. Sai a 1922 Wilbert Huff, na hukumar ma'adinai ta Amurka, ya bayyana dalilin, kuma sojojin ƙasar ba su rabu da irin waɗannan harsasai ba sai a shekarun 1950. Mai ba ya narkar da gishiri, ruwa ke narkar da shi, shi ya sa tsofaffin sojoji suke wanke bututu da ruwan zafi. Da Amurka ta gwada sakaci da goge makami a Biyetnam, ta raba wa sojoji bindigogin M16 da yawa ba tare da kayan shara ba, bindigogin suka riƙa cijewa a tsakiyar faɗa, har majalisar dokoki ta yi bincike a 1967. Daga baya sai da aka ɗauko mai zanen barkwanci Will Eisner ya zana wa sojoji littafin yadda ake kula da M16.

Amma wanda yake son ya ga inda hikimar take, 1911 zai buɗe. John Browning ne ya ƙera ta, kuma a gwajin da aka yi kafin sojan Amurka ya karɓe ta, guda ɗaya ta harba harsashi 6,000 ba ta cije ba, in ta yi zafi a tsoma ta a ruwa. Kowa na ba da wannan labari. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda Browning ya tsara ta don sojan da ba shi da sukundireba a aljihu: hatta kusoshin mariƙinta, da gefen kwanson harsashi ake iya warware su.

Wajen kwancewa babu wata wahala in ban da sifirin ɗin da ke ƙarƙashin bututu, wanda yake a danne kullum. Babban yatsa ya zame kaɗan, murfinsa ya tashi ya bugi rufin ɗaki, in an yi rashin sa'a ya sami ido. Mayarwa ce jarrabawar. Ƙarƙashin bututun akwai wani ɗan zobe mai lilo, wanda dole raminsa ya dace da ramin jikin bindiga kafin ƙusar da ke riƙe komai ta shiga. Zoben nan ba ya tsayawa wuri ɗaya. A karkata hannu kaɗan ya kwanta. In an samu ƙusar ta wuce, saura wutsiyarta, wadda sai ta danne wani ɗan tsinke mai sifirin sannan ta zauna. Nan ne mai gaggawa yake murzo wutsiyar daga ƙasa, tana jan ƙarfe, karcen wawa ya fito. Wanda ya iya kuwa, saita ta yake yi a bakin gurbinta, ya tura ciki a hankali har ya ji ƙas. Babu ƙarfin da zai yi wannan aiki. Hannun da ya koyi wannan kuma ya riga ya san yadda bututu yake sauka ya saki murfin saman bindiga a lokacin harbi, domin zoben nan ne yake jawo shi ƙasa. Darasin da malami zai yi awa yana zanawa a allo, yatsu sun karanta shi.

Don haka ma'aunin ƙira mai kyau shi ne yadda take buɗuwa ga mai ita. Makarov ta Tarayyar Sobiyet, wadda aka karɓa a 1951, sassanta ba su kai talatin ba. Da sojan Ostiriya ya nemi sabuwar bindiga, cikin sharuɗɗansa akwai cewa a iya kwance ta ba tare da kayan aiki ba, kuma da haka Gaston Glock ya yi nasara a 1982. Wato bindigar robar da masu suka ke kafa hujja da ita, don a riƙa buɗe ta aka yi ta.

Sai dai Glock tana da aibin da masoyanta ba sa son a taɓo: kafin murfinta ya fita, sai an ja kunama. Wanda ya cire gidan harsashi ya manta da guda ɗaya da ya rage a ciki, a teburin shara zai harba ta, kuma hakan ya sha faruwa har da 'yan sanda. Shi ya sa matakin farko, leƙa cikin bututu da ido a taɓa da yatsa, ya fi duk saurin da agogon sajan ke aunawa. Bindigar SIG da sojan Amurka ya zaɓa a 2017 ana kwance ta ba a taɓa kunama ba, kuma ba ta yarda a juya makullin kwance ta sai an cire gidan harsashi.