Kirarin Kai A Rahoton Yaƙi: Tsokaci A Kan Ɗan Jarida Tauraro

Manazarta zube sun saba yi wa kowane labari tambaya biyu: wa ya ba da shi, kuma wane ne tauraronsa. Wannan tsokaci zai ɗora rahoton fagen yaƙi a kan wannan ma'auni, domin shi ma zube ne mai jigo da salo da taurari, sai dai jinin da ke cikinsa na gaske ne.

Babu aibu ɗan jarida ya ce da idonsa ya gani. Da irin wannan shaida ce William Howard Russell na jaridar The Times ya fallasa hukumomin Ingila a yaƙin Kirimiya cikin 1854, inda sojojinsu ke mutuwa saboda kwalara da sanyi da ƙarancin magani. Illar tana kunno kai ne idan shaida ta rikiɗe ta koma kirari. Ɗan tauri dai da fatar jikinsa yake kirari a dandali. Shi kuwa ɗan jarida tauraro da gawawwakin wasu yake yin nasa.

Ernest Hemingway shi ne babban misali. A watan Agusta 1944, yana wakiltar mujallar Collier's, ya tara 'yan sa-kai na Faransa a garin Rambouillet yana ba su umarni, abin da dokar yaƙi ta haramta wa ɗan jarida, har rundunar Amurka ta bincike shi. Abin da aka fi tunawa game da shigarsa Faris shi ne wai ya "'yantar" da mashayar otal ɗin Ritz. Watanni biyu kafin nan, matarsa ta lokacin, Martha Gellhorn, ta ɓuya a makewayin wani jirgin ruwa na asibiti, ta sauka gaɓar Normandy tare da masu ɗaukar raunannu. Duk wanda ya gwama rubutunsu zai ga cewa taurarin Gellhorn majinyata ne, tauraron Hemingway kuwa Hemingway ne.

Tun 1938 Evelyn Waugh, wanda ya je Habasha aikin jarida a 1935, ya yi wa wannan hali zambo a littafinsa Scoop. A ciki akwai wani shahararren wakili da barci ya kwashe a jirgin ƙasa, ya sauka a ƙasar da ba ta yaƙi, ya aika labarin juyin juya hali, kuma saboda girman sunansa aka gaskata shi har rikicin ya auku.

Talabijin ta ƙara wa wutar mai, musamman bayan CNN ta nuna ruwan bama-bamai a Bagadaza a 1991, domin fuskar wakili ta zama hajar da tasha ke tallatawa. A Nuwamba 2001 John Simpson ya shiga Kabul da ƙafa, ya ce BBC ce ta 'yantar da birnin, furucin da ya yi nadamarsa daga baya. A 2015 NBC ta dakatar da Brian Williams wata 6, bayan ta tabbata cewa ba helikwaftan da yake ciki aka harba ba a Iraƙi a 2003, saɓanin yadda ya riƙa faɗa. Labarin nasa ya yi ta kumbura shekara bayan shekara, kamar na tsohon mafarauci a bakin kasuwa.

Abin da ya fi damun mai wannan nazari shi ne waɗanda irin wannan salo ke sharewa daga labari, wato tafinta da direba da ɗan jagora, 'yan ƙasa da ba su da jirgin komawa gida. A 2007 'yan Taliban suka kama ɗan jaridar Italiya Daniele Mastrogiacomo tare da direbansa da tafintansa. Suka kashe direban, aka yi musayar Baturen da fursunoni 5, ya koma Rum aka tarbe shi da kyamarori. Tafintan, Ajmal Naqshbandi, wanda shi ma ɗan jarida ne, aka bar shi a hannunsu, bayan makonni 3 suka fille masa kai.