Wa ke auna hazaƙar ɗan Garhanga?

Duk mai karanta binciken masana kan yara masu baiwa, ƙafarsa sai ta kai shi ga Lewis Terman. A 1921 ya fara bin diddigin rayuwar yara kimanin 1,500 a Kalifoniya, ya fitar da kundin farko na Genetic Studies of Genius a 1925. Aiki ne na haƙuri, ba mai musun haka. Amma a dubi yadda aka tsamo yaran: malaman aji suka fara nuna su, sannan aka yi musu gwajin ƙwaƙwalwa da Turanci, aka samu galibinsu ƴaƴan masu hali ne. Har ma gwajin ya zubar da William Shockley da Luis Alvarez, waɗanda daga baya kowannensu ya ci kyautar Nobel. Mujallu irin su Gifted Child Quarterly, da ta fara fitowa a 1957, sun faɗaɗa ma'anar baiwa ƙwarai, sai dai ma'aunin nasu har yanzu ɗan birni ne, mai karatu da harshen gidansu.

To, a ɗauko wannan ma'auni a kawo shi Garhanga, cikin duwatsun Adar. Yaron da ya haddace izu sittin kafin gemu ya fito masa, ko yarinyar da ke lissafin cinikin albasa da ka ba ta kuskure ko dala, da wane ido takardun nan za su gan su? A lakwal da Faransanci ake tambayarsu, shirun da suka yi kuma shi ake rubutawa. Alhali tun 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, ƙasar nan ta fara gane cewa harshe kan tone basira ko ya binne ta.

Laifin ba na baƙi ne kaɗai ba. Abin da namu masanan suka rubuta yakan ƙare a kundin digiri da Faransanci, ya kwanta a Yamai, bai taɓa isa hannun mushen da ke ajin zana a ƙasar Kaita ba. Shi kuwa mushen nan, kamar malaman da Terman ya dogara da su, shi ne ƙofar farko: wanda bai nuna ba, ba zai taɓa jin ƙamshin Lise ta haziƙai ba.