Matsalar Kirdado wajen Juya Bayanin Manhaja: Sharhi a kan pod2man da pod2text

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne yin sharhi a kan wasu manhajoji guda biyu, wato pod2man da pod2text. Aikinsu shi ne ɗaukar bayanin da marubucin manhaja ya rubuta game da manhajarsa, su juya shi zuwa siga biyu: shafin jagora irin na tsarin Unix, da kuma zallar rubutu marar ado. Za mu riƙa kiran irin wannan manhaja da sunan majuyi. Mun zaɓi waɗannan biyu ne saboda daɗewarsu da kuma yawan masu dogara da su, domin suna zuwa ne tare da harshen kwamfuta na Perl, kuma manyan ayyuka irin su OpenSSL da GCC ta hannun pod2man suke samar da shafukan jagorarsu.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, ma'aunin farko da ya kamata a auna majuyi da shi shi ne riƙon amana, wato duk abin da mai karatu zai kwafa ya buga wa kwamfuta ya iso gare shi kamar yadda marubuci ya rubuta. Kyan gani yana biyo baya ne. Za mu nuna cewa an daɗe ana fifita kyan gani da gudun ɓacin ran tsofaffin na'urori a kan wannan amana, kuma gyare-gyaren da aka yi daga 2022 zuwa 2024 sun tabbatar da haka.

2.0 Waiwaye

An fitar da littafin jagorar Unix na farko ranar 3 ga Nuwamba, 1971, a ɗakin bincike na Bell Labs da ke Amurka. Ken Thompson da Dennis Ritchie ne suka rubuta shi, bisa matsin shugaban sashensu, Doug McIlroy. Tun daga lokacin aka kafa fasalin da ake bi har yau: kowane umarni da shafinsa, kowane shafi yana farawa da suna da taƙaitaccen bayani na layi ɗaya, sai yadda ake kiran umarnin, sai cikakken bayani, sai shafukan da ke da dangantaka da shi. An kuma kasa jagorar zuwa sassa masu lamba, shi ya sa ake rubuta ls(1) ko printf(3).

Da harshen tsara ɗab'i na roff aka rubuta waɗannan shafuka. Daga gare shi Joe Ossanna ya samar da nroff domin allo da na'urar buga rubutu, da kuma troff a 1973 domin na'urar ɗab'i. A fitowar Unix ta bakwai, a 1979, aka shigo da rukunin alamomin da ake kira man, wanda yawancin shafuka suke amfani da shi har yanzu. Abin lura a nan shi ne, akasarin alamomin man siffa suke faɗa: wannan kalma a yi mata gwaɓi, waccan a yi ta da rubutun tsutsa. Ba su faɗin ko kalmar sunan fayil ce, ko zaɓin umarni ce, ko kuwa nanatawa ce kurum. A 1990, a tsarin BSD na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, aka fito da wani rukunin mai suna mdoc, wanda shi ma'ana yake faɗa: alamar .Fl tana nuna zaɓi, .Ar tana nuna gurbin da mai aiki zai cike, .Xr tana nuni zuwa wani shafi.

Rubuta roff da hannu aiki ne mai wahala, ga ƙa'idoji barkatai. Saboda haka da Larry Wall ya fitar da Perl 5 a 1994, sai ya haɗa da wani sassauƙan tsarin rubutu mai suna POD, wanda ake iya cusa shi a cikin fayil ɗin manhajar kanta. A 1999 Russ Allbery ya sake rubuta majuyan nan biyu, ya tara su a ƙunshin da ake kira podlators, kuma a hannunsa aka yi gyare-gyaren da za mu ambata nan gaba.

3.0 Yabon Gwani

Kafin mu shiga suka, wajibi ne mu faɗi alherin wannan tsari. Da fari, POD yana da sauƙin koyo. Da =head1 ake kafa kanu, da =over da =item da =back ake jera abubuwa, duk sakin layin da ya fara da fili kuwa a bar shi yadda yake ba tare da an taɓa shi ba. A cikin jimla akwai 'yan alamomi kaɗan: B domin gwaɓi, I domin tsutsa, C domin lafazin kwamfuta, F domin sunan fayil, L domin nuni zuwa wani wuri. Mutum yana iya ƙware su a zama ɗaya.

Na biyu, da yake bayani yana zaune ne kusa da abin da yake bayyanawa, wanda ya gyara manhaja yana ganin bayanin a gabansa, ba shi da uzurin mantuwa. Na uku, tushe ɗaya ne yake haifar da siga da yawa, don haka ba a samun saɓani tsakanin abin da shafin jagora ya faɗa da abin da zallar rubutu ta faɗa. Waɗannan dalilai ne suka sa ɗimbin marubutan da da ba za su taɓa rubuta jagora ba suka rubuta. Wannan ba ƙaramar nasara ba ce, kuma duk sukar da za ta biyo baya ba ta rage mata daraja ba.

4.0 Kirdado

Sai dai sauƙin nan yana da farashi. Da yake alamomin POD kaɗan ne, kuma marubuta ba su cika sanya ko waɗanda ake da su ba, sai aka ɗora wa majuyi nauyin kirdado. Idan pod2man ta ga kalma da baka biyu a bayanta, sai ta ɗauka sunan aiki ne, ta yi mata gwaɓi. Idan ta ga kalma da lamba cikin baka, sai ta ɗauka nuni ne zuwa wani shafi. Idan ta ga alamar dala a gaban kalma, sai ta ɗauka sunan ma'ajin ƙima ne irin na Perl. A da har takan ƙanƙantar da jerin manyan baƙaƙe domin su yi kyau a takarda. Galibi kirdadon yakan dace, musamman idan bayanin na Perl ne. Amma idan bayanin na wani harshe ne, ko kuwa zance ne na yau da kullum, takan yi saɓi-zarce, kuma marubuci ba ya sanin an yi masa shisshigi sai ya duba abin da ya fito.

Misali mafi muhimmanci shi ne na karan ɗori. A allon buga rubutu maɓalli ɗaya ne yake ba da ɗan gajeren layin nan, amma a harshen roff abu biyu ne. Idan an rubuta shi tsura, karan ɗori ne na haɗa kalmomi, kuma ana iya karya layi a bayansa. Idan an sa masa karkataccen layi a gaba, shi ne alamar da kwamfuta take sauraro a zaɓin umarni, kamar a ls -l. POD bai bambanta su ba, saboda haka pod2man ta shekara da shekaru tana kintatar wanne marubuci yake nufi ta hanyar duban haruffan da ke kewaye.

Muddin duka biyun suna fitowa iri ɗaya a allo, kuskuren kintace ba ya bayyana. Amma a watan Yuli na 2023 aka fitar da groff 1.23.0, wato manhajar da take nuna shafukan jagora a yawancin tsare-tsaren Linux, kuma ta daina mayar da karan ɗori tsura zuwa alamar maɓalli a shafukan man. Nan take sai aibin da ya daɗe a ɓoye ya fito fili a shafuka masu yawa, na hannu da na majuyi. Mai karatu yakan kwafi umarni daga shafi, ya liƙa, kwamfuta ta ƙi karɓa, alhali a idonsa babu wani bambanci. Haka kuma idan ya nemi wani zaɓi a cikin shafi, sai a ce babu, ga shi kuwa yana kallonsa. Bayan doguwar muhawara, masu kula da Debian suka maido da tsohuwar ɗabi'a a nasu ƙunshin. A 2024 kuma, a fitowa ta 6 ta podlators, aka yi watsi da kintacen ɗungurungum, aka mayar da kowane gajeren layi zuwa alamar da kwamfuta take ganewa.

A ganinmu wannan hukunci daidai ne, ko da yake ya ɗan rage kyan shafin da aka buga a takarda. Asarar da ke cikin karan ɗori marar kyau ba ta wuce ta ido ba. Asarar da ke cikin umarnin da ya ƙi aiki kuwa tana faɗawa ne a kan ɗan koyo, wanda zai zargi kansa ko na'urarsa, domin ba zai taɓa zaton jagora ce ta ɓatar da shi ba. Abin sukar shi ne tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a gane haka.

5.0 Haruffa Masu Ƙugiya

Aibi na biyu ya shafe mu kai tsaye. An gina roff ne a kan tsarin ASCII mai alamomi 128, wanda ba ya ɗauke da wani harafi sai na Ingilishi. Domin kada tsofaffin na'urorin wasu kamfanoni su rikice, sai aka tsara pod2man ta yadda, in ba an umarce ta da akasin haka ba, ba ta fitar da komai sai ASCII. Wasulan Yammacin Turai masu alama a ka takan yi dabarar harhaɗa su. Sauran haruffa kuwa, har da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, sai ta maye gurbinsu da X. Ke nan ƙasa ta koma Xasa, ɗaki ya koma Xaki. Duk mai nazarin Hausa ya san cewa ƙugiya ce ta raba kafa da ƙafa, ta raba baki da baƙi, don haka ba abin yasarwa ba ce. Haka sunayen marubuta daga ƙasashe da dama suka riƙa fitowa a gurgunce a ƙarshen shafukan da su da kansu suka rubuta.

Gaskiya ne an daɗe da tanadar zaɓin da yake sa majuyin ya fitar da UTF-8, tsarin da ya ƙunshi haruffanmu. Amma yawancin shafuka ana samar da su ne kai tsaye yayin girka manhaja, ba tare da wani ya tsaya ya zaɓi komai ba. Sai a ƙarshen 2022, a fitowa ta 5 ta podlators, aka mayar da UTF-8 ya zama shi ne na asali. Darasin a nan shi ne, abin da majuyi yake yi idan ba a ce masa komai ba shi ne ainihin halinsa, kuma a nan ake gane wa aka yi wa tanadi, wa aka manta da shi.

6.0 Zallar Rubutu

A wajen pod2text asara ba makawa ce, tunda zallar rubutu ba ta da gwaɓi ba ta da tsutsa. Ga yadda take yi: tana naɗe layi a gurbi na 76, tana tura sakin layi ciki da gurbi 4, tana kewaye rubutun tsutsa da taurari, tana sa lafazin kwamfuta cikin alamar zance, gwaɓi kuwa ta yar da shi ba tare da wata alama ba. Matsalar ita ce, bisa al'adar shafin jagora gwaɓi yana nufin a buga kalmar yadda take, tsutsa kuma tana nufin gurbi ne da za a cike. Tauraro kuwa yana da tasa ma'anar a wajen kwamfuta, haka ma alamar zance. Ɗan koyo da ya ga tauraro a jikin kalma yana iya buga shi tare da ita. Maganin wannan yana hannun marubuci: ya kawo cikakkun misalai a sakin layin da majuyi ba ya taɓawa, ya kuma karanta abin da ya fito kafin ya sake shi.

7.0 Kwatanci

Wasu majuyan ma ba su tsira ba. help2man tana gina shafi ne daga taƙaitaccen taimakon da manhaja take nunawa, saboda haka kusan duk aikinta kirdado ne, kuma shafin ba ya wuce abin da taimakon ya faɗa sai in an yi masa ƙari. Pandoc, wadda John MacFarlane ya fara a 2006, tana juya Markdown zuwa man, amma Markdown ba shi da alamar zaɓi ko ta sunan fayil. A ɗaya gefen, mandoc, wadda Kristaps Dzonsons ya fara a 2008 kuma OpenBSD ta ɗauka a 2010, tana iya binciko duk shafukan da suka ambaci wani zaɓi a matsayinsa na zaɓi, domin marubutan mdoc sun riga sun sanya wannan ma'ana da hannunsu. Sun sha wahala wajen rubutu, mai karatu ya huta. Majuyi kuwa ba ya iya fitar da abin da ba a zuba masa ba.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa pod2man da pod2text sun sauƙaƙa rubuta jagora ƙwarai, amma sun biya wannan sauƙi da kirdado da kuma yin shiru a kan abin da suka zubar. Saboda haka muna ba da shawarwari uku. Na ɗaya, inda majuyi ya rasa tabbas, ya zaɓi sigar da za ta yi aiki idan an kwafa, ko da ba ita ce mafi kyan gani ba. Na biyu, duk harafin da ya kasa fitarwa ya sanar da marubuci, kada ya musanya shi a ɓoye. Na uku, malaman da suke koyar da rubuta manhaja su riƙa duba shafin da ya fito daga majuyi kamar yadda suke duba manhajar kanta, su kuma sa ɗalibai su gwada kowane misali ta hanyar kwafa da liƙawa. Masu niyyar fassara shafukan jagora zuwa Hausa kuwa, su fara tabbatar da cewa majuyin da ke hannunsu ya kai fitowa ta 5, ko kuma su umarce shi da fitar da UTF-8, kafin su fassara ko da layi ɗaya.