Sarari Ma Rubutu Ne: Nazari Kan Tsara Darussan Kodin Ga Masu Farawa

Matasa da dama a Funtuwa, Malumfashi, Bakori da Ƙafur da ke koyon rubuta manhaja ba a gaban kwamfuta suke fara karatu ba. Darasi yakan iso musu ta waya, ko a takardar fotokwafi. Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 don horar da matasa fasahar zamani, masu neman wannan ilimi suka ƙaru, kuma Python na cikin harsunan kodin da aka fi farawa da su. Sai dai akwai wani ɓangare na waɗannan darussa da masu rubuta su kan ɗauka kwalliya ce kawai: tazarar da ake bari a farkon layi, da kuma iyakar tsawonsa.

A Python, tazara hukunci ce. Harsuna irin su C da Java suna killace umarni da baka, shi kuwa Python da matsar da layi ciki yake gane wane umarni ke ƙarƙashin wane. A ce ɗalibi ya rubuta ɗan shiri da zai tara adadin buhunan masarar da wani dillali ya saya daga manoma a kasuwar Dandume. Idan umarnin nuna jimla ya matsa ciki da gurbi huɗu, kwamfuta za ta riƙa fitar da lissafi bayan kowane manomi. Idan ya dawo bakin layi, sau ɗaya za ta fitar a ƙarshe. Haruffan ba su sauya ba, sararin ne ya sauya ma'ana. Manomin auduga ya san haka a gonarsa: tazarar da ke tsakanin kunya da kunya ba asarar fili ba ce, ita ce ke sa shuka ta yi yabanya.

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce PEP 8, wadda Guido van Rossum da Barry Warsaw suka fitar a 2001. Ta tanadi gurbi huɗu ga kowane mataki, haruffa 79 ga layin kodin, 72 ga bayanin da ke rakiyarsa. Waɗannan alƙaluma gado ne. Katin huda na kamfanin IBM da ya fito a 1928 yana da gurabe 80, kuma a tsohon harshen Fortran umarni yakan tsaya a gurbi na 72, ragowar takwas ɗin a bar su don lambar jerin kati, ko da katunan sun zube a iya mayar da su daidai. Allunan kwamfuta na shekarun 1970, irin su VT100, suka ɗauki faɗin 80 ɗin nan, daga nan ya zama al'ada.

Al'adar ba ta tsira daga suka ba. Manhajar Black mai gyara tsarin Python da kanta ta zaɓi 88. A 2020 masu kula da manhajar Linux suka sassauta, suka kai iyakar tsawon layin da ke jawo gargaɗi zuwa haruffa 100, bisa hujjar cewa allunan yau suna da faɗi. Hujjar tana da ƙarfi ga ƙwararre mai babban allo a ofis. Ga mai karatu a waya kuwa, lamarin akasin haka ne: ko 79 ɗin ta yi yawa. Layi mai tsawo sai ya karye, ragowarsa ta faɗo ƙasa, ɗalibi ya ɗauka sabon umarni ne, ya kwafa haka, kwamfuta ta ƙi. Shi kuma da yake bai san inda gizo ke saƙa ba, sai ya zargi kansa da rashin basira, alhali laifin na mai tsara darasin ne.

Kurakuran da aka fi gani a irin waɗannan takardu sanannu ne. Ana zuba kodin a Word da rubutun da faɗin haruffansa bai zama ɗaya ba, sai layuka su kasa daidaita, manhajar kuma ta lanƙwasa alamomin zance zuwa irin waɗanda Python ba ya karɓa. Ana cakuɗa maɓallin Tab da na sarari, waɗanda a ido iri ɗaya ne, amma Python 3 yana ƙin cakuɗin da ya rikita matakai. Kwafa daga PDF kuma sau da yawa yakan share tazarar farkon layi gaba ɗaya.

Akwai kuma wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Malamin da ya cika darasin farko da dokokin tsari kafin ɗalibi ya ga shirinsa ya yi aiki ko sau ɗaya, ya kashe masa gwiwa. Mai farawa ba ya bukatar haddar PEP 8. Misalai masu tsabta yake bukata, waɗanda idonsa zai saba da su har hannunsa ya bi.

Don haka ma'aunin darasi mai kyau ba 79 ba ne, ba kuma 88 ba. Ma'aunin shi ne na'urar da ke hannun mai karatu. Duk wanda ke rubuta wa ɗaliban wannan yanki darasi, ya gajarta layukansa, ya tsaya kan gurbi huɗu, ya yi amfani da rubutu mai faɗi ɗaya, sannan kafin ya raba, ya buɗe shi a ƙaramar waya, ya kwafi misalin daga nan ya gwada. Idan bai yi aiki a hannunsa ba, bai kamata ya kai hannun ɗalibi ba.