Yanka Uku, Gutsure Ɗaya

Akwai sassaƙar da ba ruwanta da gizago ko gatari, ba kuma turmi ko akushi ake fitarwa da ita ba. Katako ne shimfiɗaɗɗe, sai 'yar wuƙa wadda bakinta bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Masassaƙi zai riƙa ɓallo ƙananan gutsattsari daga fuskar katakon, ɗaya bayan ɗaya, har ramukan su jeru su zama zane: tauraro, fure mai ganye shida, tufkar igiya, ko haƙoran zarto.

Tushen aikin duka rami ne mai kusurwa uku. Za a soka wuƙa a karkace, galibi wajen digiri 65, babban yatsa na dafe da katako don kada karkatar ta sauya. A ja ta bisa layin farko, a juya katakon a yi na biyu, sannan na uku. Idan hannu ya faɗa, yankan uku za su haɗu a ɗigo guda can ƙasa, gutsuren ya yi tsalle ya fita da kansa.

Abin burgewar shi ne wannan ɗigon ba a ganinsa. Yana binne cikin itace, da hannu ake lalubo shi. Tsinin wuƙa zai shiga sama-sama a bakin kusurwa, ya nutse a tsakiyar layi, ya sake tasowa a ɗaya kusurwar. In zurfin ya gaza, gutsuren ya maƙale, ɗan koyo ya ɓamɓaro shi da ƙarfi, ramin ya fito buzu-buzu. In ya zarce, wuƙa ta ci gindin siririn tudun da ya raba rami da rami, tudun ya ɓalle. A faranti guda za a iya samun ɗaruruwan ramuka, kuskure ɗaya kuma shi ido zai fara kamawa.

Ba a goge zanen da samfefa bayan an gama, domin gogewa na dasashe gefunan, alhali su ne adon. Wani gefe ya kama haske, wani ya faɗa inuwa. Ka ɗan karkata katakon, zanen ya sauya kama. Shi ya sa rabin aikin wasa wuƙa ne, kuma ake zaɓar itace mai laushi wanda ba ya tsagewa, kamar linden a Turai.

A da, a ƙauyukan Turai sana'ar manoma ce da makiyaya a watannin sanyi. A Friesland da ke arewacin Holan, da Denmark da Norway, a zamanin da, tun ƙarni na 17, saurayi kan ba budurwa katakon gugar tufafi da aka cika da irin wannan zane, sau da yawa har da shekara da haruffan sunanta. Mutanen Maramureș a Romaniya kuwa manyan ƙofofin gidajensu suke yi wa wannan ado. A garin Brienz na Siwizalan akwai makarantar sassaƙa tun 1884, kuma a garin ne Ba'amurke Wayne Barton ya koyo aikin, ya koma gida ya yaɗa salon wuƙa biyu, ta yanka da ta suka.

Mu ma ba sai mun je da nisa ba. Kujerar Nufawan Bida, wadda ake sassaƙawa daga gungume ɗaya da ƙafafu takwas ko goma, samanta cike yake da 'yan kusurwoyi da layuka da aka yanka da hannu, a itacen da ya fi linden tauri.

Idan irin wannan aiki ya faɗo hannunka a kasuwa, kada kyawun zanen ya ɗauke maka hankali tukuna. Kai shi wajen haske ka leƙa ƙasan ramukan. In ka ga gefunan sumul, sun haɗu a tsini guda ba ɓurɓushi, aikin gwani ne, kada ka tsananta ciniki.